Ƙurajen Baba da Goyon Gwaggo

Litinin, 14 ga Afrilu, 2025
Baba zai sauke farali bana! Na kai shi asibiti a Tarauni aka yi masa alluran maniyyata. Ta mura, ni na matsa sai da ya yarda. Mutumin da yake yanka bijimi, sai ga shi ya runtse ido yana salati. Na yi dariya har cikin adaidaita.

Alhamis, 24 ga Afrilu
Ƙuraje masu ruwa sun feso masa a haƙarƙarin dama, zafi kamar wuta. Ko riga ba ya iya sawa, balle harami. Yaya Auwalu ya ce, "Ai ga allurarki nan." Ban ci abinci ba.

Asabar, 26 ga Afrilu
Likita ta ce ƙwayar ƙarambau ce. Takan kwanta a jijiya tun yarinta, tsufa ko gajiya su tashe ta. Na tambaye ta allurar fa? Wai ana ta bincike, ba a tabbatar ba. Ta ba da magani. Baba ya rantse bai taɓa ƙarambau ba. To idan bai yi ba, saura ni ke nan. Idan jirgi ya tashi babu shi, ina zan sa kaina?

Talata, 29 ga Afrilu
Gwaggo Husaina, yayar Baba, ta zo dubiya daga ƙauye. Da ta ji zancen sai da ta riƙe ciki don dariya. "Lawan! Kai ne ba ka yi ƙarambau ba?" Wai suna yara ita aka killace a ɗaki tana fama da ƙarambau, ta saci jiki ta goya shi, don ba ta iya jin kukansa. Ta tuɓe masa hula a gaban jikoki, ga tabo nan bayan kunne. "Mai neman mai laifi, ga ni. Shekara sittin da biyar." Baba yana dariya yana "wash". Yaya Auwalu ya tsura wa silin ido.

Laraba, 7 ga Mayu
Ƙurajen Baba sun bushe. Ya gwada harami, ya zaga tsakar gida sau bakwai, Gwaggo tana ƙirgawa.

Laraba, 14 ga Mayu
Su Baba sun tashi. Rabin mutanen unguwarmu Gyaɗi-Gyaɗi sun yi rakiya. A bakin mota ya ce mini, "Rabi, baɗi ke za ki kai Gwaggonki allura, ki riƙe ta da kyau." Tuwo malmala biyu na ci yau. Yunwa ce kawai.