Ƙeyar Ramatu

Sabuwa

Zuwa ga Yaya Sagiru,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina shelanta wa duniya ta hannunka cewa ni Muttaka, Sarkin Zanen Sabuwa da kewaye, na gano tuwo ba ya tuƙa kansa.

Na yi wannan gagarumin bincike ne tun da hanya ta lalace da 'yan bindiga na daina fita. Daga tsakar gida nake yi wa wani kamfanin littattafai na Kaduna zane, ina turawa ta waya. Hotunan aikin gida suka nema, sai na tasa matata, ƙanwarka Ramatu, gaba: daka, tankaɗe, wanki, hura wuta. Na umarce ta ta juyo, ta ce sai na karɓi muciyar. Ban karɓa ba. Hannun fasaha ba ya tuƙi.

Yanzu an yanke sabis, kuma in zanen bai isa kafin Juma'a ba, wani za a ba aikin. Ramatu ta ce an fi tare maza a hanya, don haka gobe ita za ta kai wayar Funtuwa ta tura, ta kwana wurinku. Na amince, cikin girma.

A gaida Inna.
Muttaka

Mairuwa

Malam Muttaka,

Ina gaisuwa. Ramatu ba ta iso ba. An ga motarsu a gefen hanya, ƙofofi a buɗe, ba kowa. 'Yan sa-kai na Faskari sun ce a kawo hotonta, su nuna wa waɗanda suka kuɓuto ta wajen Ƙanƙara. Namu na yarinta ne. Kai mai zane ne, aiko da ɗaya. Inna ta ƙi cin abinci.

Allah ya jishe mu alheri.
Sagiru

Sabuwa

Yaya,

Barka da haƙuri. Hotunanta suna cikin wayar, wayar tana hannunta. Na baje takardun zanen a tabarma. Duk ƙeya ce, da ɗankwali, da gwiwar hannu. Na zauna in zana fuskar daga ka. Hancin ya fito, idanun sun ƙi.

Ga na dakan nan, ko wani zai gane tsayuwarta.

Kotun gidan nan ta zauna, ni ne alƙali, ni ne mai laifi. An ci ni tarar wanke tukunyar da ta jiƙa ranar tafiyarta. Na roƙi a ɗage biya sai ta dawo ta gani.

Ka huta lafiya.
Muttaka