Littafin da Ya Zaunar da Yayana a Ƙofar Bature

Assalamu alaikum 'yan gurup. Admin, a ɓoye sunana. Tsohon ma'aikacin rediyo ne ni, na haura tamanin, don Allah ku ba ni shawara.

Wata Talata ce da hantsi, a shekarun 1950, a Riruwai. Ni da mahaifinmu da masu haƙar kuza muna tsaye muna kallo, Yaya Sani ya shimfiɗa tabarma a ƙofar Baturen kamfani ya zauna. Shi ne akawunsa. Baturen mutumin Ireland ne, yakan ara wa Yaya littattafan ƙagaggun labarai na tarihin ƙasarsu, Yaya ya karanta ya ba mu labari da Hausa, sarakunansu, aljanunsu, yunwarsu, da yadda Ingila ta ƙwace musu gonaki. A ciki ya ga wata tsohuwar al'adarsu, idan babba ya zalunci talaka, talakan ya zauna a ƙofarsa ya ƙi cin abinci, kunya ta tilasta wa babban ya gyara.

To ruwan wankin kuza ya cinye gonar mahaifinmu, Bature ya ƙi saurare, Yaya ya ce zai yi masa irin ta gidansu. Liman ya ce masa wannan ba azuminmu ba ne, ko da magariba ya sha ruwa, ya ƙi. A rana ta huɗu Bature ya fito yana dariya, ya ce ai tatsuniya ce ta littafi, ya sa 'yan doka suka ɗauke shi. Daga gidan yari Yaya ya dawo da tari, ya rasu kafin lokacin kaka.

Yanzu jikar Baturen ta samo ni ta waya. Littafin labari take rubutawa a kan Riruwai, kakanta ne jarumin, wai mutum mai son 'yan ƙasa har yana koya musu karatu. Baba take ce mini, cikin ladabi.

Abin da na tsara shi ne in yi shiru, ta wallafa, sannan in karanta labarin Yaya a gidan rediyo da sunan kakanta, ta ji kunyar da shi bai ji ba. 'Yata ta ce yarinyar ba ta yi mana komai ba. Na sani. Yaya ma bai yi musu komai ba.

In faɗa mata gaskiya yanzu ta gyara, ko in bari ta gama ginin in rushe shi?

Ranar Asabar za ta iso. Littafin da Yaya ya ga al'adar a ciki yana wurina har yau, da sunan kakanta a shafin farko.