Ɗana ya jera wayata a layin yara

Malama mai ba da shawara, don Allah ki taimake ni kafin baƙin ciki ya kwantar da ni. Ban yi boko ba, maƙwabciyata tela ke rubuta miki, na kuma ce kar ta gyara min magana.

Gidan ɗana nake zaune, ɗakina na bakin ƙofa. A falo kan kabad akwai wani farin akwati mai ƙaho biyu, fitilunsa na ta ƙyafta ido, wai shi ke raba wa wayoyin gidan intanet. Ni ƙura kawai nake goge masa. Amma ta dalilinsa nake ganin yayata. Mu biyu muka rage a ɗakinmu. Tana can nesa wajen 'yarta, ƙafa ta ƙi, hankalin ma yana zuwa yana tafiya. Sai da yamma in 'yar ta dawo aiki take riƙe mata waya mu kalli juna. Wata rana ta gane ni, wata rana ta kira ni da sunan mahaifiyarmu. Matar da ta goya ni! Tabarma ɗaya muke kwana, in na jiƙa ta sai ta ce ita ce, ta sha dukan.

To, ɗan nawa ya ga karatun yaransa ya lalace, ya zauna da kwamfutarsa ya saita akwatin: da an taso makaranta wayoyin yara su mutu, sai bayan an ci abincin dare. Na ce madalla. 'Yan banzan kuwa suka gano tawa na aiki. Sai ga ɗakina ya cika, wannan zai matsa wa Kaka ƙafa, wancan zai yi wa Kaka shara. Jika ya miƙo hannu in hana shi? Ban iya ba.

Da ya gane, ko leƙo ni bai yi ba. Komawa ya yi cikin akwatin ya sa wayata a layin yara. Ni! Yamma ta yi na danna, abu na ta juyawa. Na hura wayar, na kai ta taga, na zare wa akwatin wuta na mayar, shiru. Matarsa ce, baiwar Allah, ta faɗa min kanta a ƙasa.

Yaron da ya kwance rediyon ubansa ɗai-ɗai na ɓoye shi bayan zanena, yau shi ke yanka min lokaci kamar 'yar firamare. Kafin a saki intanet ɗin yayata ta sha magani ta yi barci. Tun ranar ban ga fuskarta ba, shi ma ban amsa gaisuwarsa ba. Ban gaya masa lokacin kiranta ne ya tare ba, ai shi ya kamata ya tambaya. In ta tafi ban gan ta ba, wallahi ba zan yafe ba. In tattara kayana in bar masa gidansa da akwatinsa?

Tsohuwar ɗakin ƙofa

Mama, Allah ya huci zuciyarki. Kina da gaskiya: ba a yanke wa uwa hukunci ta bayan fage, ya kamata ɗanki ya zo ya durƙusa ya yi miki bayani. Ya yi kuskure.

Amma shi ma ba ke ya nufa ba. Akwatin bai san Kaka ba, waya kawai ya sani, kuma wayar a hannun yara take yini. Ya kafa doka, ɗakinki ya zama ƙofar baya. Sannan da alama yana wurin aiki a lokacin da kike kiran yayarki. Kina hukunta shi kan abin da bai sani ba.

Gyaran ba shi da wuya. Inda ya shiga ya sa wayarki, nan zai shiga ya cire ta. Ya kuma sa mata makulli na yatsa, ta yadda ke kaɗai za ki buɗe. Ke kuma in jika ya zo matsa ƙafa, ki karɓi matsar, ki sa masa albarka, wayar ta zauna ƙarƙashin filo.

Kayanki su zauna inda suke. Fushi zai iya jira, yayarki ba za ta iya ba. Gobe da safe in ya gaishe ki, ki amsa, ki ce ya dawo da wuri. Ya gyara akwatin, ya zauna kusa da ke ya fara gaida innarsa. Allah ya ba ta sauƙi, ya sa ranar ta kira ki da sunanki.