Takardar da Na Rataya wa Dong-uk

Lahadi, 11 ga Mayu

Malamar ajinmu na manya ta ce wanda ya rasa ta inda zai fara rubutu ya fara da mutanen gidansu. To. Ni Mal-sun lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu. 'Yata Hye-rim lafiya, mijinta na fama da tari. Bok-rye maƙwabciyata ta ce hawan jini ya sa ta gaba, amma bakinta bai samu labari ba.

Saura ɗana Dong-uk. Ban san me zan rubuta ba. Ba ciwo yake ba. Shekara uku saura kaɗan da ya rufe ƙofar ɗakinsa. In ajiye tire a bakin ƙofa, in dawo in ɗauke. Lafiya ce wannan ko rashinta? Ba a koya mana kalmarta ba tukuna.

Jibi ne tafiyar jirgin ruwan, ni da Bok-rye, kwana shida. Kyautar Hye-rim ce ta cikata shekara saba'in. Na ce mata, wa zai ajiye masa tire? Ta ce, "Umma, Yaya Dong-uk shekararsa talatin da tara. Ya san hanyar firji."

Ba ta sani ba ne.

Litinin, 12 ga Mayu

Roba goma sha takwas na cika da abinci, kowace na rubuta mata ranarta a murfi. Na tsaya a ƙofarsa na faɗa masa sau biyu. Kujera ce kawai ta yi ƙara.

Talata, 13 ga Mayu

Mun bar garinmu Busan da la'asar. Na yi ta neman tudunmu da ido har ya shige hazo.

Na cire takalmina a bakin ƙofar ɗakinmu na jere su a waje. Bok-rye ta ce, "Maman Dong-uk, gidan surukanki kika zo? Ɗebe su kafin a ɗauka kyauta kika bayar." Tawul huɗu, farare. Na yi amfani da ɗaya na wanke na shanya. Wai ashe a ƙasa ake yarwa su kawo sabo. Hannuna ya ƙi.

Ko Dong-uk ya buɗe robar Talata.

Laraba, 14 ga Mayu

A ɗakinmu na jirgi akwai wata doguwar takarda mai huda a sama. An jera abincin safe, kowanne da ɗan akwati a gefensa. Ka sa alama a wanda kake so, ka rataya a hannun ƙofa ta waje. Da kaina na karance ta, tun daga sama har ƙasa. Da a da ne sai in ce na manta tabarau.

Da safe aka ƙwanƙwasa sau ɗaya. Wata mata ta miƙo tire, ta rusuna, ta wuce abinta. Ba ta ce kin ci ba, ba ta ce ya yi gishiri ba, ba ta tsaya ta ga ko zan cinye ba. Na zauna a kan gado na cinye tas. Shekara hamsin rabona da in ci na safe ba ni na tsaya a kansa ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Yau a babban ɗakin cin abinci sun yi miyar ganyen teku. Na buɗe tukunyar, na mayar da murfin.

Ban taɓa rubuta wannan ba. Bari in rubuta tunda ina tsakiyar ruwa.

Karo na shida ke nan da Dong-uk zai zauna jarrabawar shiga aikin gwamnati. Ya liƙa takardar ranar a jikin firji, bai faɗa min da baki ba don kada in tada hankalina. Ni kuwa a lokacin takarda da bango duk ɗaya ne a wurina, kuma na ɓoye wa 'ya'yana. Abin da na sani ranar haihuwarsa ce. Wace uwa ce ba ta dafa miyar ganyen teku ranar haihuwar ɗanta? Kuma wace uwa ce take ba ɗanta miya mai santsi ranar jarrabawa, ya je ya zame ya faɗi? Ko 'yar shekara bakwai ta san ba a yi. Ya kalli kwanon, ya kalle ni, ya shanye. Sakamako ya fito, maki biyu ya rage masa. Ya shiga ɗaki. Watan da ya biyo baya na shiga aji. Ban sake sayen ganyen ba.

Na ɗan gutsura wa Bok-rye labarin. Ta ce, "To sauran biyar ɗin fa, me kika dafa masa? Sabulu?" Ta ɗebo kwano biyu ta shanye a gabana.

Juma'a, 16 ga Mayu

Wankan ruwan zafi, taga na kallon teku. Awa uku ban tuna da shi ba. Da na tuna sai gabana ya faɗi, kamar na bar tukunya a wuta.

Asabar, 17 ga Mayu

Na yar da tawul a ƙasa. Ba abin da ya faru.

Litinin, 19 ga Mayu

Gida. Matakala ɗari da sha biyu daga titi, babu mai ɗaukar min jaka. Na shiga da sanɗa, ina shinshina iska, ban san me nake tsoron in ji ba.

Robobin duka sha takwas a wanke, a kife, an jere su bisa girma. An fitar da shara, an ma ware kwalabe daban. Na buga wa Hye-rim in yi mata godiya. Ta ce, "Ni? Sau ɗaya na zo, kuma ban wuce bakin ƙofa ba."

Ya kamata in yi murna. Na zauna a ƙasan kicin da jakata a cinya. Ashe yana fitowa. In ba na nan.

Laraba, 21 ga Mayu

Har yanzu ƙasa na lilo da ni in na tsaya wanke-wanke. Jiya na gama cin abinci na zauna ina jira, sai can na gane jira nake a zo a ɗauke kwanon.

Na koma yadda na saba. "Dong-uk, ka ci? Ka ci kuwa? Ko ya huce in ɗumama?" Kunnena a jikin ƙofa. Tiren ya dawo da rabi. Na cikin roba mai sanyi ya cinye, mai zafi daga hannuna ya rage.

Juma'a, 23 ga Mayu

Bok-rye ta hau da ƙyar tana haki, wai ta zo ganin ko na fara yar da tawul a gidana. Na faɗa mata zancen rabin tire, ƙasa-ƙasa. Ita kuwa ba ta san ƙasa-ƙasa ba.

"Ke da za a tsaya miki a kai ana kin ci, kin ci, zai wuce miki? A jirgi wa ya tambaye ki? Ba ga shi siket ya ƙi rufuwa ba."

Na ce uwa ba ma'aikaciyar jirgi ba ce. Ta ce, "Ai shi ya sa suka fi ki iya ciyar da mutum."

Na ji haushinta sosai. Da ta tafi na juye jakar tafiya, takardar ƙofar nan ta faɗo. Na manta na ɗauko ɗaya don in nuna wa Malama.

Asabar, 24 ga Mayu

Na yanke bayan tsohuwar kalanda, na huda sama. Shinkafa. Ƙwai. Gasasshen kifi. Miyar wake. Kowanne da akwatinsa. Na bar layi ɗaya fayau a ƙasa kamar nasu, na rubuta "wani abu daban". Sau uku ina sakewa, akwatunan sun karkace.

Na rataya. Ban ƙwanƙwasa ba. Na sa takalmi na sauka kasuwa, don na san in ina gidan ƙafata za ta kai ni.

Lahadi, 25 ga Mayu

Tana nan yadda na bar ta.

Litinin, 26 ga Mayu

Haka. Wataƙila ya ɗauka ba'a nake masa. Mutumin da ya yi jami'a, a rataya masa rubutun 'yar aji uku. Na kai hannu zan cire, na fasa. Na ajiye tire na wuce, bakina har ƙaiƙayi yake.

Talata, 27 ga Mayu

Alama a gefen ƙwai.

Kuma da jan biro an zagaye "gasasshen", an rubuta daidai a samansa. Harafi ɗaya na tsallake. Hannunsa ne, ƙanana, a karkace zuwa dama, irin na babansa. Ban taɓa karanta rubutun ɗana ba sai yau.

Na soya ƙwai uku. Ɗaya ya ƙone ina kallon takardar.

Alhamis, 29 ga Mayu

Jiya kifi. Yau bai taɓa akwati ko ɗaya ba. A layin ƙasa ya rubuta: "Miyar ganyen teku. Ranar Lahadi."

Lahadi ce ranar haihuwarsa. Na karanta sau biyar ko na yi kuskure. Gori yake min? Tuna min yake? Na sauka wurin Bok-rye da takardar a cikin riga.

Ta nisanta ta da idonta ta ce, "Ke da kike 'yar boko yanzu, ba ki juya bayan takarda?"

Na juya. Da ƙananan haruffa: "Ba ni da jarrabawa, Umma."

Bok-rye ta yi dariya har da tari. Ni ban yi ba. Na nemi ruwa.

Juma'a, 30 ga Mayu

Na sayi ganyen, da naman sa, da man riɗi. Mai shagon ta ce, "Goggo, na ɗauka kin koma wani wuri da ciniki." Na ce a'a, mantuwa ce.

Yau sai ƙarfe bakwai na farka. Gajiyar jirgin ce ba ta sake ni ba. Kwana nawa ban sa kunne a ƙofar ba, ban ƙirga ba, gwiwa ce ba ta son tsayuwa. Na sauko da matashin zama na biyu daga saman kabad, don ya sha iska ne kawai.

Gobe ajinmu za su yawon bakin teku, wuni guda. Shekara uku ina cewa ba hali. Na ba Malama sunana. Ko daidai na yi, ban sani ba. In ya buɗe ƙofa ba na nan fa? To, ai ya san hanyar firji.

Ga abin da na rubuta a takardar ƙofa ta yau, na kwafe a nan ko zai riƙe waccan:

"Dong-uk. Gobe ba na nan, na ka yana roba. Miyar Lahadi, akwati biyu ne. A bakin ƙofa. A tebur. Duk wanda ka zaɓa zan dafa. Ka sa alama kafin in dawo gobe Asabar, in san cokali nawa zan jera. In da kuskure ka gyara."