Bangon Littafin Haya

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, gidana ya ɗau zafi.

Ni matar aure ce a Durun, na gama sakandare, kuma ba na ɓoyewa, littattafan soyayya ne abincina. Wata rana aka kawo mini na haya daga Gwarzo, an yi masa bango da tsohuwar takardar makaranta saboda tsadar takarda. Da na gama labarin sai na kwance bangon na karanta. Bayani ne a kan iskar haidirojin: in aka sanyaya jan ƙarfe fiye da ƙanƙara nesa ba kusa ba, ƙwayoyinta sukan kwanta a kansa ba tare da sun haɗe da shi ba. Iskar iri biyu ce, mai nauyi da marar nauyi, kuma da ƙarfen ya ɗan yi ɗumi marar nauyin ce ke fara tashi. Daidai inda za a faɗi dalili takardar ta yage.

Kwana uku ina kallon raɓa a jikin kwanon sha ina tunani. A gefen takardar akwai suna, Malam Jibirin, da adireshin makarantar da yake koyarwa. Sai na rubuta masa wasiƙa ina roƙon sauran shafukan. Kuskurena, na buɗe ta da irin gaisuwar littattafai, har da hasken idanuna, don ita kaɗai na iya. Wasiƙar ta faɗa hannun mijina Lukuman. Surukata Inna Marka ta ƙone littattafaina, ta ce dama malamai na ta wa'azi a kansu. Lukuman ya ce in ba shi haƙuri, in kuma manta da zancen karatu, ko in tafi gidanmu.

Haƙuri zan bayar. Karatu kuwa ba zan bari ba. Na riga na cike fom ɗin jarrabawar shiga jami'a.

Mai neman sauran shafi, Durun

Ƙanwata, ki fara yi wa Lukuman adalci. Kowane miji ya ga hasken idanuna a wasiƙar matarsa zuwa ga wani, sai ransa ya ɓaci. Ki ba shi haƙuri ba tare da kin haɗa da "amma" ba. Ƙona littattafanki da hana ki karatu kuwa ba daidai ba ne. Shari'ar da ake wa'azi da ita ba ta hana mace neman ilimi ba.

Kada ki ɓoye fom ɗin nan, ɓoyo ne ya jawo miki wannan. Ki nemi wani babba da Lukuman ke jin nauyinsa, ki faɗi abin da kika tuna na takardar a gabansu, sannan ki roƙi mijinki ya je wurin malamin da ƙafarsa ya karɓo sauran shafukan. In ya ga mutumin da takardun, zarginsa zai kwanta. Allah ya daidaita ku, ya sa ki ji dalilin nan a cikin aji.