Injin Wankin Inna Bai Mutu Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Masu Gyaran Kayan Wuta na Bodinga,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da girmamawa, Alhaji, ina fatan kana lafiya, da iyali, da jama'ar da Allah Ya ɗora maka. Sunana Kulu. Ana ce mini Malama Kulu saboda matan aure da nike karantarwa cikin gidanmu nan Bodinga. Ban taɓa rubuta takarda don jama'a su karanta ba, kuma kafin wagga sai da na aika ƙanena Bello wurinka sau biyu a asirce. Duk biyun amsa guda ya kawo mini: a yi haƙuri, Sahabi yaron ƙungiya ne. Tunda ba a ji a ɓoye ba, ga ta a fili. Zan raba abin da idona ya gani da abin da anka gaya mini, don kada in ɗauki alhakin kowa.

Na ɗaya. Mahaifiyarmu, Inna, ta shekara uku kwance. Ciwon ya hana ta riƙe fitsari, amma bai taɓa hankalinta ba, kuma ba ta yarda ta yi salla da zanen da najasa ta taɓa. Ni da kaina na buɗe littafi na karanta mata rangwamen da anka yi wa mai lalura. Ta ce ta ji, amma tun tana budurwa ba ta taɓa tsayawa gaban Ubangijinta da ƙazanta ba, ba za ta fara a kwance ba. Don haka kowace salla da zanenta da shimfiɗarta. Shi ya sa Bello ya sayo mana injin wanki mai baki biyu, ɗaya na wanki, ɗaya na juyawa ya tsane kaya har su kusa bushewa. Da rani, rana ta ishe mu. Da damina kuwa, bakin tsanewar nan shi ne rufin asirinmu.

Na biyu. Farkon daminar bana bakin tsanewa ya tsaya. Shina ƙugi, ba ya juyawa. Munka kira Sahabi mai gyaran firiji da fanka, ɗan ƙungiyarku. Ta bayan labule na yi magana da shi, kuma tambaya guda na yi: gyara ko sabo, wanne ya fi? Na ce ya faɗa mini tsakaninshi da Allah, don akwai mara lafiya a ɗaki. Ya ɗora injin a napep ya tafi. Bayan kwana biyu ya dawo hannu wofi, ya ce moto ya ƙone ƙurmus, ko Sakkwato ba a samun irinshi, in ma anka samu gyaran ba zai kai kaka ba. Na ce ai bakin wankin shina aiki, a maido mini shi hakanan. Ya ce wuta ta bi jikin injin, duk wadda ta taɓa da jiƙaƙƙen hannu tana iya kwana lahira. Ya ce gangar ba ta da amfani sai ga 'yan gwangwan, amma don taimako zai riƙe ta ya ba ni ɗan na sabulu. Ya rantse. Inna na ji daga ɗaki, har ta ɗaga murya ta sa mishi albarka.

Na yi kwanaki ina juya maganar. Ko in sayar da tunkiyata mai ciki in nemi ciko in sayi sabo, ko in jira kaka, tunda abin hannun Bello duk ya shiga taki. Na yi istihara, na zaɓi jira. Duk wanga tunani a kan rantsuwar Sahabi na gina shi.

Na uku, kuma nan nike so ka karanta a hankali, Alhaji. Da hannu na koma wanki da matsa, har wuyan hannuna ya kumbura na kasa riƙe alƙalami. Igiya uku na ɗaura cikin ɗaki. Ranar da hadari ya wuni, sai in hura gawayi a kasko in riƙa juya zane bisa, ya fito da warin hayaƙi kuma gefenshi da danshi. Inna takan jinkirta azahar har gab da la'asar tana jiran zane guda. Wata Laraba da anka wuni ana ruwa, ta ce in ɗaura mata hakanan, ta yi salla tana kyarma. Danshin shimfiɗa ya buɗe mata gyambo a baya. Abin da ba ya barin zuciyata shi ne, ita ke ba ni haƙuri. Kullum na juya ta sai ta ce in yafe mata, ta zama mini wahala. Ta rasu kafin a yanke gero. Ban ce Sahabi ya kashe ta ba, kwananta ne ya ƙare. Abin da nike cewa, kwanakinta na ƙarshe cikin sanyi da kunya ta yi su, alhali bai kamata ba.

Na huɗu. Bayan arba'in na tafi Shagari suna, gidan da anka kai ɗiyar maƙwabciyarmu, Hajara. Tun daga zaure na ji ƙarar da na sani. A tsakar gida ga inji ana tsane kayan jariri, shina juyawa lafiya lau. Na ce wa zuciyata inji ai da yawa. Hajara ta ga ina kallo, ta ce da murna mijinta ya sayo mata wurin Sahabi na Bodinga, ɗan Dubai ne, ga Larabci ma a cikin murfi, Sahabi ya ce addu'ar albarka ce ta masu kamfani. Na ɗaga murfin. Ba Larabci ba ne, ajami ne, kuma hannuna ne. Da ƙusa mai zafi na zana shi saboda matar Bello da kan taya ni wanki: a ɗauraye najasa tukuna. Ga ma wurin da ƙusar ta zame ta ƙone ni, tabon na nan ga babban yatsana. Sahabi ya goge injin fes, ya ɓamɓare duk takardar da ke jiki, ya bar rubutun don ya ƙara mishi kasuwa. Ban tayar da hankalin maijego ba. Na sa wa jariri albarka, ban iya cin tuwon ba, na hau mota na dawo.

Wanga na gani da idona. Wanda anka gaya mini kuwa: da maganar ta kai kunnen mijin Hajara, ya tsare Sahabi a shago, Sahabi ya amsa cewa wani ɗan abu awa batirin tocila ya canza, aikin da bai kai shan kofin shayi ba. Mijin Hajara ya ce a shirye yake ya maimaita gaban kowa.

Na biyar. Makon jiya Sahabi ya aiko kawunshi da goro, wai in yafe don darajar mamaciya. Na gaishe da dattijon yadda ya kamata, na maida mishi goronshi. Na san an san ni da sanyin magana, kuma ina jin shi ya sa anka zaɓe ni. Na tambayi kaina ko ramuwa nike so. Ita nike so, ba zan yi ƙarya ba. Addinin da na karanta ya halatta wa wanda anka zalunta ya faɗi zaluncin a fili, kuma zan tsaya daidai iyakar da ya ba ni, amma sai na kai iyakar.

Ga abin da nike nema wurinka.

Sahabi ya sayo wa Hajara wani inji tukuna, don ita ba ta da laifi kuma tana da jariri. Sannan ya ɗauko nawa da kanshi, ba aike ba, ranar kasuwa da hantsi, ya biyo da shi ta gaban shagunanku a buɗe ba lulluɓi, ya sauke ƙofar gidanmu. Duk wanda ya tambaye shi kan hanya, ya faɗi gaskiya. Ɗan na sabulun da ya ba ni na nan ƙulle yadda ya kawo, ya karɓi abinshi, don cinikin da anka gina kan yaudara ba ciniki ba ne. Injin kuma ba zan ƙara wanki da shi ba. Akwai gida bayan namu da tsohonsu ke kwance, can zai tafi sadaka, ladan ya isa ga Inna.

Sannan ƙungiya ta tara 'ya'yanta, a karanta wagga takarda Sahabi na tsaye. Kuma ku sa doka: duk wanda ya ce kaya sun mutu, ya maida gawar ga mai ita.

In ba a yi ba, ni ba ni zuwa kotu, ba ni da ƙafar zirga-zirga. Amma mata ke da firiji, mata ke da fanka da injin markaɗe, kuma mata ke cewa a kira wane. Zan karanta wagga takarda ga ɗalibaina, in kwafe ta da ajami da boko, ta bi gidajen suna da na biki daga Bodinga har Shagari da Mandera. Ba zan ƙara ko harafi bisa abin da ya faru ba. Ba ya buƙatar ƙari.

Game da yafiya, a gaya wa Sahabi haka. Haƙƙina na kumburin hannu, in ya cika abin da na lissafa, zan duba. Haƙƙin Inna kuwa ba nawa ba ne balle in bayar. Ta tafi ba ta san an cuce ta ba, ta tafi tana sa mishi albarka. Na duba duk abin da na karanta, ban ga inda ɗiya ke yafe sanyin da uwarta ta ji ba. Wanga sai sun haɗu.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Alhaji, Ya tsare ka daga kare ɓarna don kunyar na gida. Allah Ya ba ka tsufa mai sutura, Ya haɗa ka da masu gaskiya ranar da kake kwance kana jiran busasshen zane. Allah Ya jiƙan Inna da iyayenmu baki ɗaya.

Wassalam.

Malama Kulu,
Bodinga.