Gishiri a Lambun Kaka

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma aikin gadar bai tayar maka da ciwon ƙafarka ba. Mu duk lafiya lau, sai dai lambun Kaka.

Gefen ganyen tumatirinta ya ƙone kamar an bi shi da wuta, ga wani farin ɓawo a kan kunyoyin. Kaka ta ɗanɗana, ta ji gishiri. Ta rantse maƙwabciyarmu mai ɗinki ce ta barbaɗa mata, don sun yi sa-in-sa a kan kaji. Ko gaisuwarta ba ta amsawa, kuma ta ce ranar Asabar za ta tara mata mutanen layi.

Baba, ba ita ba ce. Malamarmu ta aikin gona ta koya mana cewa wani ruwan rijiya yana da gishiri. Idan rana ta busar da shi, gishirin ya zauna a ƙasa, sai saiwa ta kasa shan ruwa. Tun da aka haƙa sabuwar rijiyarmu abin ya fara. Sau uku ina zuwa ƙofar Kaka, bakina ya ƙi buɗuwa. Ka dai san ni. Amma ba zan bari a ci mutuncin baiwar Allah ba.

Taka,
Auta

Zuwa ga Baba,

Ina sake gaishe ka. Ya jiki, ya abokan aiki?

Da maganar ta gagara, ranar Juma'a na ɗora ruwan rijiyar a baƙar tukunya a gaban Kaka, na bar shi ya tafasa har ya ƙafe. Ta yi ta faɗa, wai ja'irar jikarta ta rasa abin dafawa sai ruwa. Na miƙa mata tukunyar. Gindinta ya yi fari fat. Ta dangwala, ta lasa, ta ji gishiri.

Rabin tumatirin ya tafi. Sauran kuwa ba zan sallama ba: na haƙa magudana, kuma kullum bayan makaranta zan kwarara ruwan famfo har ya wanke ƙasar.

Da Asabar ta zo, Kaka ba ta kira kowa ba. Mayafi ta yafa, ta ce in ɗauko tukunyar nan in shige gaba, ni zan yi wa mai ɗinki bayani, ita kuma ta ba da haƙuri. Na yi, Baba, da muryata, har ƙarshe.

Allah Ya dawo mana da kai lafiya.

'Yarka,
Auta